Bishiyoyin da ba wanda ya dasa

Duk shekara in damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta haka, sai a shiga hidimar dashen bishiyoyi a jihohinmu na arewa. A kafa rumfa a jera kujeru, a kawo dashe cikin baƙaƙen ledoji, manya su tsuguna su saka a rami a zuba ruwa a ɗauki hoto, sannan a sanar da miliyoyin da za'a dasa kafin ruwa ya ɗauke. Ni ban raina wannan aiki ba ko kaɗan, wanda ya dasa bishiya ya yi sadaka mai gudana, kuma na san akwai malaman daji da ke shan wahala wajen renon irin nan tun cikin zafin bazara suna ban ruwa safe da yamma. Abinda ke ci min rai shine abinda ke biyo baya. Ka koma wurin a watan Afrilu, bayan hunturu ya busar da komai rana ta buɗe awaki sun gama yawonsu, ka ƙirga nawa suka rage da rai. Dashen da aka rena a leda saiwarsa bata taka kara ta karya ba, an saka shi a jigawa, ruwa ya ɗauke ƙarshen Satumba, toh daga nan sai ya yi wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa ba shinge ba kuma wanda zai buga ƙirji ya ce nawa ne. Ta ina zai rayu?

Kuma mutumin ƙauye shi ke kwana a ciki. Mu da ke zaune a birni in bishiya ta mutu inuwa kawai muka rasa, shi kuwa ƙarfin gonarsa ne ya tafi, da abincin tunkiyarsa a ƙarshen rani, da itacen da matarsa zata hura wuta, da miyar da za'a kaɗa, har da sassaƙen da za'a jiƙa wa yaro in cikinsa ya ɓaci. Shi yasa duk sanda na ji ana maganar raya karkara da cigaba mai ɗorewa a rediyo, hankalina baya zuwa kan manyan gine-gine, kudancin Nijar yake tafiya, ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda talakawa manoma Hausawa 'yan uwanmu suka yi wani abu da duniya ta zo tana kallo, wato renon bishiyoyin da ke toho da kansu a gona ba tare da dashe ba, mu da muke maƙwabtansu ƙofa da ƙofa kuwa da yawanmu bamu ma san an yi ba.

Ni ɗan ƙasar Daura ne, dangin mahaifiyata kuma suna tsallaken boda wajen Matamaye, don haka tun ina yaro ake zuwa dani can biki da gaisuwa. Dattawan can in suna baka labarin shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 zaka ga fuskarsu ta canza. Fari na 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ba adadi, na 1984 kuma ya zo ya ƙarasa abinda ya rage, wannan yunwar ce wasunsu har yau suke kira 'yar Buhari, saboda ta faɗo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe boda, hatsi ya daina shiga musu ta hanyar da suka saba. Ƙasa ta zama fili fetal, ka tsaya a bayan gari ka hango wani gari ba abinda ya tare maka ido. In ruwan farko ya sauka aka yi shuka gero ya fito ɗan tsito, sai iskar farkon damina ta taso da yashi ta yanke shi ko ta binne shi, a sake shuka, ta sake zuwa, wani manomin sai ya shuka gona ɗaya sau uku sau huɗu har irin ya ƙare a rumbu. Mata kuwa sai su fita neman itace tun hantsi basu dawo ba sai azahar, in ba'a samu ba a girka da kara da busasshen kashin shanu, wanda shima gona aka hana wa taki kenan.

Kuma ba fari kaɗai ya jawo ba. Tun zamanin Faransa, dokar daji ta 1935 ta maida itatuwa dukiyar hukuma, bayan samun 'yancin kai ma dokar 1974 ta ci gaba a kan wannan layin. Ma'ana bishiya na tsakiyar gonarka ta gado amma in ka sare reshenta ba takarda, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka. Toh kaga mutum mai hankali me zai yi? In ya ga ɗan gawo ya tsiro a gonarsa sai ya tuge shi tun yana ƙarami, don in ya girma fitina ce, ba nasa bane kuma wani na iya zuwa da dare ya sare a zo a kama mai gona. Ga kuma malaman gona na wancan lokacin da ke koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas ba ko tsinke, saboda gyaɗa da garmar shanu. Manomin kirki a idon jama'a shine wanda gonarsa ke nan fes, wanda ya bar sabara da kalgo kuwa rago ne.

An kashe kuɗi mai yawa wajen dashe a Nijar a waɗancan shekarun, har ranar 3 ga Agusta ta bikin 'yancin kai suka maida ranar dashen bishiya, kuma akwai inda ya yi tasiri kamar layukan darbejiya da aka dasa don tare iska a kwarin Majiya ta ƙasar Tawa tun daga 1975. Amma galibin abinda aka dasa bai rayu ba. Cikin masu wannan wahalar akwai wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 yana aikin gona ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM. Ya yi ta raba dashe a ƙauyuka suna mutuwa har ya kusa haƙura. A 1983 yana kan hanya da mota cike da dashe ya tsaya ya rage iskar taya don ya samu wuce yashi, sai idonsa ya kai kan ɗan wani kurmi-kurmin ganye irin wanda ke ko'ina a gonaki, da ya duba da kyau sai ya gane ai wannan ba ciyawa bace, bishiya ce da aka sare tun da daɗewa, kututturenta na nan da rai saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa ta kai inda danshi yake, duk shekara tana toho duk shekara ana sassabe ta a ƙone. Dajin da ake ta kukan ya ɓace yana nan a ƙarƙashin gonaki, abinda yake buƙata kawai a bar shi ya tashi.

A nan ina so mu yi adalci. Bature bai koya wa Bahaushe barin bishiya a gona ba, shi kansa yana faɗin cewa tsohuwar dabara ce. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda tsoffin sarakuna suka hana sare gawo da hukunci mai tsanani, kuma ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya manoma ne da kansu suka yi ta barin gawo yana tashi ba tare da wani ya zo ya basu umarni ba. Abinda Rinaudo ya yi shine ya nace, ya tsaya kai da fata yana yawo ƙauye ƙauye ana masa kallon mahaukaci, kuma da yunwar 1984 ta zo aka shigo da tsarin abinci a bakin aiki, sai aka sa sharaɗin duk mai karɓar hatsi ya bar toho a gonarsa. An kare bishiyoyi kusan 500,000 a haka. Da rabon abinci ya ƙare sai mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wannan wurin yana da muhimmanci a wajena, domin ya nuna abinda aka yi don buhun hatsi yana ƙarewa ranar da buhun ya ƙare. Sauran kashi ɗayan da basu sare ba su ne suka ɗauki abin, don sun ga geronsu bai ragu ba, sun samu itace a bakin gona, iska ta rage yi musu ɓarna, maƙwabci ya leƙo ya gani shima ya bar nasa. Daga nan abin ya bi kasuwa da biki da 'yan cin rani, baki da baki, suna kiransa sassaben zamani.

Sai kuma hukuma ta sassauta hannu. A ƙarshen 1980 da farkon 1990 tattalin arzikin Nijar ya shiga wani hali, ma'aikatan daji suka rage yawo a ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar bishiyar gonarsu a matsayin tasu, dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wanda ya rena bishiya a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarta. Da masu bincike irinsu Chris Reij ɗan Holan da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na wajen 2005, sai suka tarar da wajen hekta miliyan 5 sun sake yin kore, bishiyoyi kimanin miliyan 200, kuma aka ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara. A ƙasar da take cikin mafi talauci a duniya fa, kuma a daidai lokacin da jama'a ke ninkuwa, wanda a lissafin masana da yawa itatuwa ya kamata su ƙare kenan. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin tare da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki, Allah ya jiƙansa ya rasu a 2023.

Alƙaluma dai suna da daɗin faɗa, amma ni abinda ya zauna min a rai shine ganin Kawuna yana yi da hannunsa. Wani zuwa da na yi a bazara ana sassabe na bi shi gona da sassafe. Ya tsaya kan wani kututturen kalgo da ya fito da toho kamar ashirin cunkus wuri ɗaya, ya tsuguna yana tattaɓa su ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, ya zaɓi uku waɗanda suka fi miƙewa da kauri, sauran ya sare su daga tushe da adda mai kaifi. Ukun nan kuma ya rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa wajen rabin tsayinsu, kuma na lura daga ƙasa yake saran yana yin sama. Na ce Kawu me yasa kuke sara ta haka? Ya ce ɗana in ka saro daga sama reshen na ɓallewa ya ɗaye ɓawon jikin, ka yi wa icce rauni gara da ƙwari su samu ƙofa. Ya ciro wani tsumma ja daga aljihu ya ɗaure a jikin ɗaya, wai don mai wucewa da gatari ya san wannan da mai shi. Abinda ya sare bai ƙone ba, manyan ya ɗaure dami ya kai gida na girki, ganyen da ƙananan ya baza a inda ƙasar ta mutu, iska ta kawo yashi da ƙura ya taru a jikinsu gara ta shiga ta huda ƙasar, in ruwa ya zo sai ya shige maimakon ya gudu. Ba leda ba ban ruwa ba ko sefa ɗaya da ya kashe, duk abin bai fi minti kaɗan ba ya wuce na gaba. Kuma saboda saiwar tsohuwa ce mai ƙarfi, tohon nan cikin shekara biyu uku ya fi mutum tsayi, shekara mai zuwa ya sare ɗaya ya yi amfani da shi ya bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Shi kuwa gawo nasa daban ne, ban san wata bishiya da ta dace da manomin gero irinsa ba. Duk itatuwa na yin ganye da damina shi kuma a lokacin yake kaɗe nasa ya tsaya tsirara, don haka baya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe daidai lokacin da gero ke neman abinci, saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. In rani ya shigo komai ya bushe sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su yi kashi su yi fitsari a wurin, 'ya'yansa su zubo su ci, kuma ƙwayar da ta bi ta cikin tunkiya ko saniya ita ta fi saurin tsirowa, kaga dabba na ci tana shuka wani. Ka shiga gonar gero a watan Agusta ka duba ƙarƙashin gawo, karan ya fi kauri ganyen ya fi duhu zangarniyar ta fi cika, ko yaro zai nuna maka bambancin. Yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka tun tashin farashin 2022, ga kuma cire tallafin mai na 2023 da ya ƙara wa komai kuɗin mota, wallahi manomin da ke da gawo talatin a gonarsa ba ƙaramin arziki ya gada ba.

Inna matar Kawu ita nata lissafin daban ne da na maza. Ta ce min da can rabin yininta a neman itace yake ƙarewa, yanzu a gonarsu ake ɗaurowa, lokacin da ta samu shi take soya ƙuli-ƙuli tana kiwon awakinta. 'Ya'yan kalgo da na gawo ana tarawa a buhu a ajiye wa dabbobi ko a kai kasuwa, ga aduwa ga magarya ga kanya na yara, ga kuka wadda a wajen Mirya babbar sana'a ce, ana shanya ganyen ana sayarwa har ƙetaren boda. A yunwar 2005 da ta yi wa Maraɗi da Damagaram mugun kamu, garuruwan da ke da itatuwa sun fi jurewa, don mutum na iya sare reshe ya sayar ya sayi tiya ɗaya ta gero, dabbarsa ta samu ganye bata mutu ba balle ya sayar da ita a wulaƙance. Wannan shine walwalar mutumin karkara a zahiri, ya samu abinda zai jingina da shi a mugunyar shekara ba sai ya kwashi iyali ya tafi bara birni ba.

Kar kuma in sa ku ɗauka abin ba matsala. Akwai ɓarayin itace masu zuwa da dare, ka rena bishiya shekara biyar wani ya sare ta cikin minti goma, in aka yi maka haka sau biyu zuciyarka ta mutu. Akwai rigima da makiyaya in suka sassare rassa don dabbobinsu ba izini. A garin Ɗan Saga da ke ƙasar Agye a jihar Maraɗi sun magance wannan da kwamitin gari, suka saka maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, aka yi dokoki kowa ya ji da kunnensa, ana sintiri ana cin tarar wanda ya karya, kuma da yake makiyayi na cikin masu yanke hukuncin shima ya ga ribar barin itacen ya girma. Akwai kuma maganar gonar aro da haya da jingina, wanda ke noma gonar da ba tasa ba bazai ɓata lokaci kan bishiyar da bazai ci ba, kayan aro ai baya rufe katara, wani lokacin ma mai gonar ne zai hana don kar gobe a ce bishiyar shaida ce ta mallaka. Mata da yawa basu da gonar kansu sai ɗan gayauna. Masu noma da tarakta kuma kututture abokin gabarsu ne, inda aka tumɓuke saiwa gaba ɗaya ba abinda zai yi toho sai dai a jira abinda taki ya kawo ko a koma dashe. Ga tsuntsaye da wasu ke tsoron zasu samu wurin kwana su cinye gero. Uwa uba rashin tsaro, a wajen Jibiya da Batsari da tsallake Madarumfa mutumin da baya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga ba zancen renon toho zaka yi masa ba, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Toh mu a namu ɓangaren fa? Abin takaici shine muma muna da wannan ilimin a gida. Michael Mortimore, baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Kano shekaru masu yawa, shi da abokan aikinsa sun yi bincike a karkarar da ke kewaye da birnin Kano inda jama'a suka fi cunkoso, suka tarar manoma na riƙe da itatuwan gonakinsu da kyau, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo, kowace da mai ita, ana gadonta ana sayar da 'ya'yanta, a sare reshe a bar uwa. Inda itace ke ƙarewa shine dajin da ba na kowa ba. Yau ka tsaya a bakin babbar hanya ka ƙirga manyan motocin gawayi da na itace da ke shigowa birane, kirya da marke da kaɗanya ake bi ana ƙonewa tun daga tushe saboda su suka fi gawayi mai kyau, kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe a jikinta shekara da shekaru sai ta tafi a buhu biyu uku. Kuma ni bana zagin mai yin gawayin, yunwa ce ta kai shi, bana zagin uwargidan da ta ajiye tukunyar gas ta koma kurfoti don kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Mu 'yan birni da gidajen burodinmu da masu shayi da masu tsire mu ke cinye dajin ƙauye, wannan gaskiya ce mu yarda da ita. In ba'a sauƙaƙa wa birni makamashin girki ba, ko da murhu mai tattalin itace ne, matsin zai ci gaba da sauka a kan karkara.

Akwai shirin nan na Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti wajen kilomita 8,000, a Najeriya an kafa masa hukuma a 2015 kuma ya shafi jihohi 11 na bakin hamada har da Katsina da Jigawa da Yobe da Sakkwato. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna abinda aka farfaɗo da shi a yankin shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba cikin miliyan 100 da ake buri zuwa 2030, wato bai kai abinda manoman kudancin Nijar suka yi da adda da gatari ba. Masu shirin ma sun gane haka, yanzu sun rage maganar jera bishiyoyi a layi sun koma maganar farfaɗo da gonaki da makiyaya. Ga kuma shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja. Kuɗi dai akwai, abinda nake roƙo a matsayina na ɗan ƙauye shine a karkatar da wani kaso daga leda da rumfar biki zuwa abinda baya fitowa a hoto. A ɗebi manoman Baure da Zango da Maigatari da Machina a tsallaka da su Magarya da Agye su kwana biyu su gani da idonsu su tambayi 'yan uwansu manoma da harshe ɗaya, gani ya kori ji. A horar da malaman gona su daina yaba gonar da aka share tas. A yi ta faɗa a gidajen rediyo a watan Afrilu da Mayu lokacin da adda ke hannun mutane, ba a Agusta ba da an riga an ƙone komai. Sama da duka kuma jihohi su fito fili a rubuce su ce bishiyar da manomi ya rena a gonarsa tasa ce, ya sare reshe ya sayar ba mai tare shi a hanya, wanda ya sata kuma dagaci da hakimi da alƙali su hukunta shi kamar wanda ya saci akuya. Dashe ma yana da wurinsa, makarantu da bakin hanya da cikin gari da lambu inda akwai mai ban ruwa, da kuma inda saiwa ta riga ta mutu, mangwaro da zogale da gwaba ai dole sai an dasa.

Sannan mu da muke karanta wannan a waya, da yawanmu muna da gonar gado a ƙauye wadda wani ƙane ko ɗan baffa ke nomawa, mu sai dai a aiko mana da buhu bayan kaka. Mu ne masu gonar da nake cewa suna hana ruwa gudu ba tare da sun sani ba, don wanda ke noman bai san ko bishiyar da ya bari zata zama tasa ba. Kafin sassaben bana ka ɗaga waya ka kira shi, ko ka je da kanka in hanya na da lafiya, ku zauna gaban wani dattijo a gidan ku yi magana a fili: duk kututturen da ya yi toho a zaɓi biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, gawo ko ɗan ƙarami ne a kewaye shi da ƙaya kar garma ta bi ta kansa, a fara da kamar ashirin a hekta in an ga amfanin sai a ƙara zuwa arba'in, kuma itacen girki da ganye da 'ya'yan da aka samu na mai noman ne da iyalinsa, in an sare babba aka sayar ku raba yadda kuka yi yarjejeniya. Ku kuma sanar da maƙwabtan gona da ardon Fulanin da ke sauka a wurin bayan girbi, don kar su ga tsumma a jikin toho basu san me ake nufi ba.